Tallafin Gwamnati Ga Nakasassu: Sanin Haƙƙi Da Riƙon Amanar Kuɗinsa

Jawabin da kwamitin jin daɗin jama'a ya gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya

 

   

Gabatarwa

Shugabanni sun ɗora wa wannan kwamiti nauyin ya yi wa taro bayani a kan tallafin da gwamnati ke bai wa nakasassu, waɗanda a yau aka fi kira masu buƙata ta musamman, da kuma yadda ya kamata a riƙe kuɗin idan ya shigo hannu. Dalilin zaɓen wannan batu a fili yake. Da wuya a sami gida a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, ko Darmanawa da Daurawa da Unguwa Uku, wanda babu wani nasa da ke fama da larurar gani ko ta ji ko ta ƙafa ko ta ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, wato kimanin mutum biliyan 1.3, suna rayuwa da wata nakasa mai tasiri. Ƙidayar 2006 kuwa ta nuna Ƙaramar Hukumar Tarauni tana da mutane sama da 220,000, kuma kowa ya san yadda unguwanninmu suka cika suka batse tun daga wancan lokaci. Ko da rabin wancan ƙiyasi muka ɗauka, maganar dubban mutane muke yi.

Mu da neman abinci ya kai mu wasu garuruwa mun saba da aiko da ɗan abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata, kuma Allah ya saka wa kowa da alheri. To amma akwai haƙƙin da doka ta riga ta tanada wa 'yan uwan nan namu, wanda da yawansu ba su san da shi ba, akwai kuma kuɗin da yake fitowa da sunansu ya maƙale a hanya, ko ya iso gida ya narke cikin cefane ba tare da mai shi ya ga amfaninsa ba. Waɗannan abubuwa biyu su ne ginshiƙin jawabinmu.

Abin da muka gada

Kula da nakasassu tsohon abu ne a ƙasar Kano. Masarauta ta daɗe da sanin sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda ke sasanta mutanensu, su kuma isar da kukansu fada. Addininmu ma ya riga kowace doka: Suratu Abasa ta sauka ne a kan sahabin nan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya kasance ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma aka sha barin sa ya riƙe Madina idan an fita. Wanda aka ba riƙon gari kuwa, ai an shaida cewa hankalinsa da amanarsa cikakku ne.

A zamaninmu ma mun ga abin da nakasassun Kano suka yi da hannunsu. Ƙungiyar waɗanda cutar shan inna ta shafa ta yi suna wajen ƙera kekunan guragu, har ana saye daga wasu jihohi. Wasan ƙwallon guragu, wanda yanzu ake bugawa a faɗin ƙasar nan, Misbahu Lawan Didi ne ya ƙirƙiro shi a 1988. Kuma ko da yake an tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar shan inna daga Nijeriya a watan Agusta na 2020, yaran da ta kama a shekarun baya, musamman bayan dakatar da rigakafi da aka yi a Kano daga 2003 zuwa 2004, yau sun zama samari da 'yan mata da magidanta, suna neman karatu da sana'a da aure kamar kowa.

Me doka ta tanada?

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin nakasassu a 2006. Nijeriya ta sa hannu a 2007, ta kuma tabbatar da ita a 2010. Sai dai dokar cikin gida ta daɗe tana kai-komo tsakanin majalisa da fadar shugaban ƙasa, har zuwa watan Janairu na 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Hana Nuna Wariya Ga Nakasassu ta 2018. A ƙarƙashinta ne aka kafa Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa a 2020. Ga kaɗan daga abin da dokar ta ƙunsa, wanda ya kamata kowane gida ya sani:

Na ɗaya, nuna wa mutum wariya saboda nakasarsa laifi ne. Idan mutum ɗaya ne ya aikata, hukuncinsa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Idan kamfani ne ko ma'aikata, tarar Naira 1,000,000. Wanda aka zalunta kuma yana da damar shigar da ƙara ta neman diyya.

Na biyu, nakasasshe yana da haƙƙin ilimi kyauta har zuwa ƙarshen sakandare, kuma an ɗora wa hukumar nauyin samar da kayan taimakon karatu.

Na uku, mai larurar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin magani kyauta a cibiyoyin lafiya na gwamnati.

Na huɗu, an umarci ma'aikatun gwamnati su yi iyakar ƙoƙari su ga aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu nakasassu ne.

Na biyar, an ba da wa'adin shekara 5 domin a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke ko mai sanda zai iya shiga. Wa'adin ya cika a watan Janairu na 2024.

Na shida, an haramta ɗaukar nakasasshe ana yawo da shi domin bara, kuma wannan ma hukuncinsa tarar Naira 100,000 ne ko ɗaurin wata 6.

Har ila yau, dokar ta yi tanadin takardar shaidar nakasa, wadda ake bayarwa bisa rahoton likita. Wannan takarda ita ce ƙofar shiga da yawa daga cikin abubuwan da muka lissafa, don haka muna kira ga kowane gida da ya fara daga nan. Allah ya kuma yi mana gata, domin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana nan a bakin ƙofarmu a kan titin Zariya, ga Asibitin Ƙashi na Dala ga masu larurar gaɓɓai, ga kuma asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Dawanau.

Akwai abu guda da ya zama dole mu faɗa ƙarara, domin a kansa ne 'yan damfara suke cin kasuwa. Wannan doka ba ta yanka wa kowane nakasasshe albashin wata-wata ba. A Afirka ta Kudu akwai irin wannan, inda hukuma ke biyan wanda likita ya tantance wani abu duk wata. A Ostireliya kuwa, tun 2013 suka fara wani tsari da ake zama da kowane nakasasshe a rubuta masa nasa shirin, a ware masa kuɗi kashi-kashi: na hidimar yau da kullum, na koyon dogaro da kai, da na manyan kayan aiki irin su keke ko gyaran gida. Sannan a ba shi zaɓi, ko ya riƙe kuɗin da kansa yana ajiye rasiɗai, ko ya ɗauki wani ƙwararre ya riƙe masa lissafi, ko hukumar ta riƙa biyan masu yi masa hidima kai tsaye. Mu a nan ba mu kai can ba tukuna. Tallafinmu a warwatse yake, yana fitowa ta ƙofofi daban-daban, kuma sai wanda ya san ƙofofin ne zai ƙwanƙwasa. Amma darasin Ostireliya, na ware kuɗi kashi-kashi da ajiye lissafi, abu ne da kowane gida a Tarauni zai iya yi da littafi da biro.

Ƙofofin da tallafin ke fitowa

Ƙofa ta farko ita ce rajistar marasa galihu ta ƙasa, wadda ofishin NASSCO ke kula da ita daga Abuja, kowace jiha kuma tana da nata ofishin da ke tattara sunaye. Asalin tsarin shi ne jama'ar unguwa su zauna, maza daban, mata daban, matasa daban, su fayyace wane ne matalauci a wurinsu, su fitar da sunayen gidaje, sannan ma'aikata su bi gida-gida su ɗauki bayanai. A watan Janairu na 2021 aka ƙara wata rajista ta gaggawa domin talakawan birane, wadda aka riƙa shiga ta hanyar saƙon waya. Shiga rajistar kyauta ne. Kuma shiga rajista ba shi ne samun kuɗi ba. Daga cikinta ne ake zaɓo waɗanda kowane shiri zai biya. Abin da ya shafe mu shi ne, idan ma'aikata suka zo ɗaukar bayanai, kada kunya ta sa a ɓoye yaron da ke ɗaka. Gidan da ya ɓoye nakasasshensa ya rage wa kansa hujja, ya kuma rage wa gwamnati sanin yawan masu buƙata.

Daga wannan rajista ne aka biya tallafin da aka fara a 2016, na Naira 5,000 a wata ga gida, wanda ake haɗawa a ba da Naira 10,000 duk wata biyu, galibi a hannun uwar gida. An gudanar da shi da rancen Dala miliyan 500 daga Bankin Duniya, da kuma kimanin Dala miliyan 322 da aka dawo da su daga ƙasar Suwizalan. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, gwamnatin Shugaba Bola Ahmed Tinubu ta ƙaddamar da wani shirin a watan Oktoba na shekarar, na Naira 25,000 a wata har wata 3, wato Naira 75,000 ga gida, da nufin kaiwa ga gidaje miliyan 15. A watan Janairu na 2024 aka dakatar da shirye-shiryen tallafin domin bincike, bayan zargin karkatar da kuɗi a ma'aikatar jin ƙai, wanda ya kai ga dakatar da ministar wancan lokaci. Da aka dawo da biya, sai aka ɗaure shi da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN da lambar banki ta BVN, kuɗin kuma ya riƙa shiga asusu kai tsaye.

Wannan sauyi yana da alheri, domin ya rage hannayen da kuɗi ke bi kafin ya iso. Amma ya zo da wahala ga mutanenmu. Wanda kuturta ta cinye wa yatsu ba ya iya dangwala yatsa a na'ura. Wanda ke kwance ba ya iya bin layi tun asuba. Kurma yana zuwa gaban ma'aikaci babu mai fassara masa. Tsohuwa kuma sai a tarar sunanta a NIN daban, a banki daban, saboda wani ya rubuta Hauwa'u wani ya rubuta Kulu. Ƙaramin saɓani irin wannan ya isa ya hana kuɗi shiga. Don haka gyaran takardu shi ne aikin farko, kuma aiki ne da ɗan boko ɗaya a cikin dangi zai iya kammalawa idan ya ware masa kwana biyu cikin hutunsa. A tuna kuma cewa dokar 2018 ta ba nakasassu fifiko a kan layi, don haka neman a shigar da su gaba haƙƙi ne da za a iya nema cikin ladabi.

Ƙofa ta biyu ita ce ta lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta yi tanadin asusu na musamman domin masu rauni, nakasassu na cikinsu. A Jihar Kano, hukumar taimakekeniyar lafiya, wato KSCHMA, ita ce ke yi wa mutane rajista ta kuma haɗa su da asibiti. Wannan tallafi ba ya zuwa a matsayin tsabar kuɗi, shi ya sa mutane ba sa rububinsa, alhali ga gidan da ke sayen maganin farfaɗiya ko na hawan jini duk wata, katin asibiti ya fi Naira 25,000 ta lokaci ɗaya daraja nesa ba kusa ba.

Ƙofa ta uku ita ce ta ilimi. Makarantar makafi da kurame ta Tudun Maliki ba ta da nisa da mu, kuma ta yaye ɗalibai da dama da suka wuce jami'a. Hukumar JAMB ma tun 2017 take shirya wa makafi jarrabawa ta musamman. Yaron da aka bari a gida saboda tausayi, shi ne gobe zai rasa abin yi sai bara, alhali gwamnatin Kano ta haramta bara a kan tituna tun 2013.

Ƙofa ta huɗu ita ce Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2003, sai kuma rabon kekuna da sanduna da kayan sana'a da ƙananan hukumomi da 'yan majalisa ke yi lokaci zuwa lokaci. Irin wannan rabo yawanci ta hannun ƙungiyoyin nakasassu yake bi, waɗanda ke ƙarƙashin haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta ƙasa, wato JONAPWD. Wanda bai shiga ƙungiyar 'yan uwansa ba, sau da yawa sai an gama rabo yake jin labari.

Kuɗin na wane ne?

Yanzu mun zo ga ɓangaren da ya fi nauyi, domin a nan babu gwamnatin da za mu ɗora wa laifi. Idan kuɗi ya fito da sunan nakasasshe, ko keken ɗinki, ko injin markaɗe, mallakarsa ne. Makaho baligi mai hankali, ko gurgu, ko kurma, shi ke da ikon dukiyarsa kamar yadda kowannenmu ke da ikon albashinsa. Rashin gani ko rashin ƙafa ba ya cire wa mutum wannan iko a shari'a ko a dokar ƙasa. Abin da yake buƙata shi ne mai taimaka masa ya karanta saƙo, ya raka shi banki, ya rubuta masa lissafi, amma yanke shawara nasa ne.

Wanda ake riƙe wa dukiya shi ne yaro ƙarami da kuma wanda larurar ƙwaƙwalwa ta hana shi sarrafa ta. A nan ma Alƙur'ani bai bar mu a duhu ba. Farkon Suratun Nisa'i, aya ta 5 da ta 6, ya yi bayanin yadda waliyyi zai riƙe dukiyar wanda ba ya iya riƙewa, ya ciyar da shi ya tufatar da shi daga cikinta, ya miƙa masa ita idan ya ga ya shiryu, ya kuma kafa shaidu a lokacin miƙawa. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara kuwa, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, har ta ambaci waliyyin mai rauni. Saboda haka idan muka ce a rubuta lissafi, kada wani ya ce an kawo bokanci ko an zarge shi. Malamanmu suna nan, su ne shaida.

Abin da muke gani a gidaje da yawa shi ne, katin banki yana aljihun yaya ko kawu, layin wayar da saƙo ke shiga yana hannun wani, mai kuɗin kuwa sai dai a ce masa “an turo, mun yi cefane”. Galibi ba da mugun nufi ake yi ba, talauci ne ya yi wa kowa katutu. Amma sakamakon ɗaya ne: keken ya ci gaba da zama babu taya, magani ya yanke, shekara ta zagayo mutum yana inda yake. Shi ma tallafin da aka bayar da sunan gida gaba ɗaya, adalci shi ne a fara fitar da buƙatar wanda larurarsa ta fi tsada kafin a zuba saura a tukunya.

Hanyoyin riƙon kuɗin

Kwamiti yana ba da shawarar matakai shida, waɗanda ba sa buƙatar ilimi mai zurfi.

Na farko, asusu da layin waya su kasance da sunan mai tallafin, katin kuma ya zauna a wurinsa. Idan dole wani ya san lambar sirri, ya zama mutum ɗaya da shi mai kuɗin ya zaɓa da bakinsa. Wanda ke gudun kuɗin ruwa yana da zaɓi, domin bankunan da ba sa harka da ruwa suna nan a Kano tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012. Ajiya a banki mai lasisi kuma tana da kariya: a 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya zuwa Naira miliyan 5 a manyan bankuna da Naira miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma.

Na biyu, a zauna a yi shiri kafin kuɗin ya shigo. A tambayi mai shi abin da ya fi damunsa a wannan shekara, da abin da zai so ya ga ya sauya. Amsarsa takan bambanta da zaton masu lafiya. Wani batirin na'urar ji yake so, wata kuma a gyara mata ƙofar banɗaki yadda za ta shiga ba sai an ɗauke ta ba.

Na uku, a kasa kuɗin kashi-kashi. Alal misali, a ƙaddara Naira 75,000 ce ta shigo gaba ɗaya. Ana iya ware Naira 30,000 domin ƙara jari a sana'ar da mutum ya riga ya iya, kamar saƙa ko gyaran takalmi ko sayar da kati. Naira 20,000 domin magani da gyaran keke ko sanda. Naira 15,000 domin abinci. Naira 10,000 kuma a bar ta a asusu saboda ranar ciwo. Kowane gida zai daidaita wannan da halinsa. Muhimmin abu shi ne a tuna cewa irin wannan tallafi mai wa'adi ne, wata uku ne ya ƙare, don haka abin da ba a mayar da shi jari ko lafiya ba, ya tafi ke nan.

Na huɗu, a sayi littafi guda, a ja layi uku: rana, abin da ya shigo, abin da ya fita da dalilinsa. Ko da ajami aka rubuta ya wadatar. A maƙala rasiɗin kantin magani da takardar da mai POS ke bayarwa. Ga makaho, a riƙa karanta masa lissafin a gaban wani na biyu, ko a ɗauka da murya a waya yadda zai saurara da kansa.

Na biyar, kada a ci bashin kuɗin nakasasshe da sunan “za a mayar idan an yi albashi”. Idan larura ta tilasta, a rubuta, a sa rana, a kafa shaida. Haka kuma kayan sana'ar da aka raba kada a kai su kasuwa washegari a karyar da rabin kuɗinsu. Idan mai shi ba zai iya aiki da injin ba, a ba da shi haya da yarjejeniya a rubuce, kuɗin hayar ya riƙa shiga asusunsa.

Na shida, a yi hattara da 'yan damfara. Duk wanda ya ce a kawo kuɗin fom domin a sa suna a rajista, maƙaryaci ne. Duk wanda ya bugo waya yana neman lambar sirri ko lambar da banki ya turo ta saƙo, ɓarawo ne, ko da ya ambaci sunan ma'aikata. Masu cewa a kawo kuɗi su ninka kuwa, mun ga ƙarshen MMM a 2016, mun kuma ga na CBEX a 2025. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Idan an cuci mutum, akwai inda za a kai kuka: mai unguwa da dagaci tukuna, sannan sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma a Unguwa Uku, da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Nauyin da ke kanmu mazauna birane

'Yan uwa, a cikinmu akwai likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki da akantoci da manyan ma'aikatan gwamnati. Abin da ke ɗaukar talaka wata uku yana zirga-zirga, wani a cikinmu da kiran waya ɗaya zai warware shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka kwamiti yana gabatar wa wannan taro buƙatu huɗu domin a tattauna a yanke hukunci.

Da farko, a ba mu izini mu haɗa kai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin nakasassu mu tattara sunayen masu larura a mazaɓun Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu da Tarauni, da yardarsu, tare da rubuta wanda ke da NIN da asusu da takardar likita da wanda ba shi da su. Bayanan su zauna a hannun sakatare kaɗai, domin sirrin mutane amana ne.

Sannan a ware rana guda a shekara, muna ba da shawarar 3 ga Disamba, wadda ita ce ranar nakasassu ta duniya, likitocinmu da ma'aikatan bankinmu su zo gida su taimaka wajen cike takardu da gyaran sunaye.

Bugu da ƙari, kowane reshe ya ɗauki nauyin gina gangaren shiga keke a masallaci ko makaranta ko asibitin unguwa guda ɗaya. Buhunan siminti kaɗan ne, amma sadaka ce mai gudana, kuma zai ba mu bakin da za mu tambayi hukumomi dalilin da ya sa nasu gine-ginen suka wuce wa'adin 2024 ba a gyara ba.

Daga ƙarshe, a shigar da nakasassu aƙalla biyu, mace da namiji, cikin wannan kwamiti, su zauna da mu a matsayin cikakkun wakilai masu ƙuri'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk kuɗin da ƙungiya za ta tara domin wannan aiki kuma, a buɗe masa asusu na daban mai sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu nakasasshe, a kuma buga lissafinsa a wannan mujalla kowace shekara. Ba zai yi kyau mu nemi iyalai su rubuta lissafi mu kuma mu ɓoye namu ba.

Kammalawa

Muna roƙon kowa da ke wannan zaure, da wanda zai karanta wannan jawabi a inda yake, idan ya buga waya gida a wannan mako ya yi tambaya uku: ɗan uwanmu mai larura yana da NIN da asusu da sunansa? An yi masa rajistar lafiya? Katinsa yana hannun wa? Amsar da zai samu ita za ta nuna masa inda zai fara. Lafiyar da muke taƙama da ita aro ce, domin haɗari ɗaya a kan titin Zariya, ko ciwon suga, ko tsufa kawai, ya isa ya mayar da kowannenmu cikin sahun waɗanda muke magana a kansu yau.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amana, ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya, ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya.